Kurakuran da aka fi yi wajen zaɓen fitar kallon kifi a tashoshin jirgin ruwan shaƙatawa

Tun daga shekarar 2021, lokacin da jirgin MSC Bellissima ya fara ɗaukar masu yawon shaƙatawa daga tashar Jidda, sannan jirgin Aroya na Saudiyya ya biyo baya a ƙarshen 2024, tafiyar da a da sai a talabijin muke ganinta ta matso kusa da mutanenmu. Ɗan kasuwar Birnin Kebbi ko Jega da ya saba zuwa Umara yana iya ƙara 'yan kwanaki a Bahar Maliya, jirgi ya tsaya da shi a Sharm El-Sheikh ko Safaga a ƙasar Masar, ko kuma Akaba a Jodan. A kowace tasha akan tallata wa fasinja fitar iyo da bututu, wato mutum ya kwanta rub da ciki a saman ruwa, da gilashi a fuska da ɗan bututun numfashi a baki, yana kallon kifaye da murjani, wato halittar teku mai kama da duwatsu masu rassa, a ƙarƙashinsa. Da yake ba nutso ba ne kuma ba a goya tukunyar iska, mutane sukan ɗauka abin ba ya bukatar tunani, alhali kuwa a wajen zaɓen fitar ake yin mafi yawan ɓarna, tun kafin ƙafa ta taɓa ruwa.

Kuskure na farko namu ne na gida, kuma shi zan fi daɗewa a kai. Bakabe yana da alfahari da ruwa, kuma yana da hujja. Wanda ya tashi yana ganin masunta na faɗawa Matan Fada da homa da gora a bikin Argungu, wanda aka fara tun 1934, ko yana kallon Sarkawa da Gungawa suna tseren kwalekwale a Yawuri, da wuya ka gamsar da shi cewa akwai ruwan da zai ba shi tsoro. To amma gulbi yana da gaɓa biyu da ido ke gani, kuma gudunsa gefe ɗaya ya nufa. Teku kuwa tana da igiya mai ɗaga mutum ta sauke shi, ga jan ruwa da ba a gani daga sama, wanda kan tafi da mai iyo sannu a hankali yayin da fuskarsa ke ƙasa ya shagala da kallon kifi, sai ya ɗago kai ya ga kwalekwalen da ya kawo shi ya koma ɗan ƙarami. Ga kuma gishiri. Bahar Maliya na cikin tekuna mafi gishiri a duniya, kusan giram 40 a kowace lita, inda yawancin tekuna ke da kusan 35. Wannan gishiri yana taimakawa wajen ɗaga jiki, amma kurɓa ɗaya ta bututu ta isa ta sa gwanin iyo tari da ruɗewa. Numfashi ta baki kawai, da hanci a rufe, shi ma sabon abu ne da gulbi bai koya wa kowa ba. Gyaran wannan shi ne mutum ya ɗauki kansa ɗan koyo a fitarsa ta farko komai gwanintarsa a kogin Rima ko na Kwara, ya zaɓi wurin da ake shiga ruwa daga bakin gaɓa da ƙafa, ya yi minti goma a inda ruwa ke tsayawa a ƙugu har numfashinsa ya daidaita.

Daga nan kuskure na biyu ya taso, wato a bar mai gida ya zaɓa wa kowa gwargwadon ƙarfin kansa. Fitar iri biyu ce. Akwai wadda mota ke kai mutane bakin teku su shiga da ƙafa, kamar yadda ake yi a gaɓar kudancin Akaba, inda murjani ke kusa da tudu, har ma akwai wata tankar yaƙi da aka nutsar da gangan a 1999 wadda ake hangowa daga saman ruwa. Akwai kuma wadda ƙaramin jirgi ke kai mutane tsakiyar ruwa, kamar yawancin fitar da ake yi zuwa gandun Ras Muhammad kusa da Sharm El-Sheikh, wanda Masar ta keɓe tun 1983. A can ana sauka ne ta tsani kai tsaye cikin ruwa mai zurfi, babu inda ƙafa za ta taka, kuma a wasu wuraren jan ruwan yana da ƙarfi. Kyan wurin ba ya misaltuwa, amma idan a cikin iyali akwai yaro ɗan shekara bakwai, ko uwargida da ba ta taɓa iyo ba, ko dattijo mai hawan jini, to ƙarfin mafi rauni a cikinsu shi ne ma'auni. Na san wani kawuna da ya biya kuɗin mutum biyar, shi kaɗai ya shiga ruwa, sauran huɗun suka wuni a kan jirgi suna fama da jiri da amai. Da ya tambaya tun farko, da an nuna masa kwalekwale mai gindin gilashi, wanda ake zama cikinsa a ga kifin ba tare da an jiƙe ba.

Sai maganar agogo, wadda ita ce ke jawo hasara mafi girma. Babban jirgi yana da lokacin tashinsa, kuma akan bukaci kowa ya dawo aƙalla rabin awa kafin nan. Idan ta hannun kamfanin jirgin ka sayi fitar, to jirgin zai jira motarku idan ta makara, ko kamfanin ya ɗauki nauyin kai ku tasha ta gaba. Idan kuwa da kanka ka shirya da wani mai kwalekwale a bakin tasha, babu wanda zai jira ka, kuma kuɗin jirgin sama da masauki duk a wuyanka suke. Abin da ke ƙara rikita lamarin shi ne bambancin lokaci. A hunturu agogon Masar yana bayan na Saudiyya da awa ɗaya, wayar hannu kuma takan sauya lokaci da kanta da zarar ta kama layin ƙasar, yayin da jirgi yake bin lokacin da ya sanar. Agogon hannu na gargajiya da aka saita da na jirgi ya fi waya amfani a wannan rana. A kuma lura da nisa. Daga Safaga zuwa Hurgada, inda ƙananan jirage da yawa ke tashi, kusan kilomita 60 ne, saboda haka fitar da aka rubuta awa shida tana iya ƙarewa da minti arba'in kacal a cikin ruwa. Kafin a biya, a tambayi tsawon tafiyar mota, da na kwalekwale, da ainihin lokacin da za a yi ana iyo. Ni dai ba na yarda da duk wani shiri na waje da ba zai dawo da ni tasha awa biyu kafin tashin jirgi ba.

Wannan ba yana nufin fitar kamfanin jirgi ce kullum ta fi ba. Ta fi tsada, kuma sau da yawa mutum talatin ko fiye ake tarawa a bayan jagora ɗaya, takalman iyo na dukan fuskokin juna. Masu zaman kansu da ke da rajista sukan ɗauki mutane kaɗan. Amma mai zuwa karo na farko, musamman da iyali, gara ya biya tsadar.

Game da rigar ceto ba sai na tsawaita ba, domin mutanen Kebbi ba su manta da hatsarin jirgin ruwa na Warra na watan Mayun 2021 ba, da yawan rayukan da suka salwanta a kogin Kwara a ranar. Duk kwalekwalen da ba shi da riga ga kowane fasinja, har da ƙananan na yara, a bar shi. A tambaya kuma ko jagora yana shiga ruwa tare da mutane riƙe da tayar ceto, ko kuwa daga sama yake tsayawa yana busa usur, da kuma ko ana ƙirga mutane kafin a ɗaga anga.

Akwai kuskuren da mai talla ba zai taɓa faɗa maka ba, domin shi a wurinsa ba aibu ba ne. Wasu fitar, musamman a tsibiran Karibiyan irin su Kozumel a Mekziko, rabinsu iyo ne rabinsu shagalin giya da kiɗa mai ƙarfi a hanyar dawowa, kuma an saka kuɗin giyar a cikin tikiti. Ko a Masar ba a rasa irin wannan. Wanda zai fita da matarsa da 'ya'yansa mata ya karanta bayanin fitar har ƙarshe, ya tambayi ko akwai ɗakin sauya tufafi da makewayi. Mata su tanadi rigar iyo mai rufe jiki duka tun daga Jidda, domin abaya ko zane idan suka sha ruwa sukan yi nauyi su naɗe ƙafa, kuma hakan hatsari ne na gaske. Maza ma doguwar rigar iyo ta fi musu, saboda bayan wuya da kafaɗu da ƙwauri suna fuskantar rana kai tsaye, kuma sanyin ruwa yana hana mutum jin ƙunar sai dare ya yi. Kada zafin Argungu ya sa wani ya raina wannan. Azahar da La'asar kuma sukan faɗo a tsakiyar fita, don haka matafiyi ya shirya yadda zai haɗa su tun da safe.

Kayan aiki ma suna da nasu tarkon, kuma wannan ya fi shafar mazanmu masu gemu da gashin baki. Gilashin fuska yana riƙe ruwa ne idan robarsa ta manne da fata, gashin baki kuwa yana buɗe ƙofa a ƙarƙashin hanci, ruwa ya riƙa tsiyaya ciki. Rage gashin da ke daf da hanci kaɗan yana magance yawancin matsalar. Gilashin da ke rufe fuska baki ɗaya ba ya zama a kan gemu, kuma masu arha daga cikinsu sukan tara iskar da aka fitar, mutum ya riƙa sake shaƙarta har kansa ya yi nauyi. Hanyar gwaji ita ce a ɗora gilashi a fuska ba tare da ɗaura igiyarsa ba, a ja iska kaɗan ta hanci. Idan ya tsaya bai faɗi ba, ya dace. Mai saka tabarau ya tambaya tun kafin ranar ko akwai gilashi mai ƙara gani.

A cikin ruwa kuma hannu ya tsaya a jikin mai shi. Ɗabi'ar masunci ita ce ya taɓa ya kama, amma murjani halitta ce mai rai da takawa ke kashewa, kuma a wuraren da aka keɓe ana cin tarar wanda ya ɓalle shi ko ya ciyar da kifi. Akwai murjanin da ke ƙuna kamar wuta, da bushiyar teku mai ƙaya, da wani kifi mai dafi da ke kwanciya kamar dutse a ƙasa.

Abu na ƙarshe ana yin sa ne tun a gida, kafin a biya ko sisi. Mai fasfon Najeriya ya tabbatar da rubutacciyar amsa daga kamfanin jirgin cewa zai iya sauka a kowace tasha, domin sauƙin bizar da ake yi wa wasu ƙasashe ba lallai ya shafe mu ba. Ya kuma duba bizarsa ta Saudiyya, ko ta shiga sau ɗaya ce ko ta shiga sau da yawa, tunda jirgin da ya je Masar ya fita daga ƙasar ke nan, kuma dawowarsa Jidda sabuwar shiga ce.