Kafin ka sayi hatsi ka ajiye, yi wannan lissafin

Salamu alaikum 'yan uwa. Masu shirin sayen masara ko wake da kaka su ajiye har bazara, ga 'yar shawara.

Kowa ya san abin da ke karya farashi da kaka: manoma sun fito da kaya lokaci guda, ga bashin taki, ga hidimar biki. Amma ba duk ƙarin da ka gani daga baya ne riba ba. A ce ka sayi buhu naira 40,000. Ɗora kuɗin mota, da na 'yan dako, da hayar sito, da buhun PICS (mai leda a ciki da ke hana iska shiga) in wake ne, don ƙwari ba sa wasa. Sannan ka tambayi kanka: da na juya kuɗin nan a shago wata shida, nawa za su haifa? Wannan ma kashewa ce, sai dai ido ba ya ganinta.

Sai kuma gwamnati. A watan Yulin 2024 aka sanar da janye harajin shigo da masara, alkama, wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba, na kwana 150. Kayan waje suka haɗu da na gida, a 2025 farashi ya sauko. Ni kaina na riƙe masarata ina jiran ƙari, ƙarshe na sayar ƙasa da yadda na saya. Har yau uwargida na yi mini gori.

Yanzu kashi uku nake raba kayana, ina fitarwa kaɗan-kaɗan, kuma ba na buɗe sito sai na kira dillalina a Dawanau, babbar kasuwar hatsi ta Kano, na ji yadda kasuwa ta kwana.