Yadda sabon ɗalibi mai son kiɗa zai zaɓi matiyoyinshi ya yi rajista a jami'ar Yamai

Ƙannena da suka samu bak, wato jarrabawar gama sakandare, bana kuma ransu na ga kiɗa da waƙa, wanga bayani naku ne, musamman ku da za ku taso daga Tawa, Ƙonni, Madawa ko Illela ba ku san Yamai ba. Ku gane abu guda tun yanzu, jami'ar Abdu Mumuni tsarin LMD take bi, wato lisansi, masta, dokta, kuma a wanga tsari ba ka shigowa ka tsinci kwas ɗaya nan ɗaya can kamar yadda ake ba da labarin jami'o'in Amurka. Ƙofar da ka shiga ita ke ɗauke da mafi yawan matiyoyinka, wato darussan da za ka karanta, an riga an jera su. Zaɓin gaske kaɗan ne, shi ya sa bai kamata a yi shi da ka ba.

Ka fara da zaɓen ƙofa. A jami'a, wajen da ya fi kusa da abin da kake so shi ne filiyar Arts et Culture da ke fakilten adabi, FLSH, can Harobanda bayan ka ƙetare gadar Kennedy. Amma hwa kar ka ɗauka daga safe har marece jita za ka riƙe, karatun jami'a ne, akwai tarihi, akwai nazarin al'adu, akwai rubutu da Faransanci mai yawa, akwai yadda ake shirya biki da tafiyar da harkar fasaha. Wanda hannunshi ke ƙaiƙayin kiɗa zalla, shi ya leƙa CFPM Taya, cibiyar koyon kiɗa da aka buɗe a 1989 aka sa mata sunan marigayi makaɗi Alhaji Taya, nan ne ake zama da makaɗa ido da ido, kuma suna da tarin kayan kiɗan gargajiya na ƙasar nan da ya kamata ko wane ɗalibi ya je ya gani ko da sau ɗaya. Ni shawarata ka haɗa biyun in aljihu da lokaci sun yarda, takarda daga jami'a, hannu daga wajen makaɗa. Takarda kaɗai ba ta sa a kira ka wasa, hannu kaɗai kuma ba ya sa a ɗauke ka koyarwa.

Kafin ka biya ko dala, tahi fakilte da ƙafarka ka nemi maket ɗin filiya, wato takardar da ta jera duk abin da za a karanta samestir bayan samestir. In ba a manna ta a allon afishaj ba, tambayi sakataren sashe ko wani ɗan shekara ta biyu ya turo maka hoto ta WhatsApp. Ga yadda ake karanta ta. Lisansi shekara 3 ce, samestir 6, ko wane samestir kiredi 30, jimla 180. An tara matiyoyi rukuni rukuni ana ce ma ko wane rukuni UE, a cikin UE guda kana iya samun matiya biyu ko uku, kuma gaban ko wace an rubuta kiredinta da awoyinta, CM shi ne laccar anfi, TD aikin ƙaramin rukuni, TP aikin hannu. Kai ɗan kiɗa, layin TP ɗin nan za ka bi da yatsa ka lissafa, shi zai faɗa maka sau nawa za ka taɓa kayan kiɗa a mako. Kuma kiredi ba awoyin aji kaɗai ba ne, har da aikin da kake yi kai kaɗai a ɗaki, kiredi guda kusan awa 20 zuwa 25 ne na aiki, to UE mai kiredi 6 ba abin wasa ba ce ko da malamin sau ɗaya yake shigowa a mako.

Sai takardu. Wanga kam a gida ake gama shi, kar ka bari sai ka iso Yamai sannan ka tuna takardar haihuwarka na cikin akwatin inna a ƙauye. Abin da aka saba tambaya, takardar haihuwa, takardar zama ɗan ƙasa wato nasiyonalite, atestasiyon ta bak da relebe na maki, hotuna ƙanana, duka fotokopi legalize daga meri ko kwamisariya. Yi kwafi fiye da yadda aka ce, don fakilte za ta karɓa, ANAB, hukumar bursu, za ta karɓa in kana neman bursu, CROU ma, mai kula da kwana da abincin ɗalibai, za ta karɓa in kana son ɗaki a site, gidan kwanan ɗalibai, da tikitin resto. Orijinal kuwa nunawa ake yi a maido maka, sa shi a leda mai kauri. Kuma don Allah duba rubutun sunanka a ko wace takarda harafi harafi, Mahamadou a nan Mamadou a can, ko ranar haihuwa ta sha bamban, wagga ƙaramar matsala ita ke tashi ranar da za a ba ka difloma, gyaranta tun yanzu ya fi sauƙi.

Yanzu rajista, kuma nan ne sabbi suka fi faɗawa rami, domin rajista biyu ce ba ɗaya ba. Ta farko ta administirasiyon, ka cika fom, ka kai dosiye, ka biya kuɗin inda sanarwar shekarar ta ce a biya, a ba ka kitansi, daga baya lambar matirkil da katin ɗalibi. Kitansin nan ka ɗauke ta hoto nan take kana tsaye, ka tura ma kanka da yayanka, ka yi mata fotokopi, kuma kar ka miƙa kuɗinka ga wani da ya tare ka bakin ƙofa ya ce ya san wani ciki. Ta biyu ita ce rajistar pedagojik, a sashe, inda ake rubuta sunanka a samestir da UE ɗin da za ka bi da rukunin TD ɗinka. Yaro sai ya biya kuɗi ya karɓi kati ya ɗauka ya gama, ya yi ta shiga aji wata da watanni, ranar jarrabawa a liƙa lis babu sunanshi. Bayan ka yi ta biyun, ka koma allo idan an liƙa lis ka ga sunanka da idonka, in babu ka je sikolarite ranar da kitansi a hannu, da safe, kafin layi ya yi tsawo.

To ina zaɓin yake? Wajen UE na zaɓi ne, waɗanda maket ta rubuta opsiyonel ko libir, da kuma kayan kiɗan da za ka sa ma rai. A nan zan ɗan daɗe.

Duk inda ka ga solfej, wato koyon karanta kiɗa da rubuta shi da nota, ko a maket ko a wajen jami'a, kama shi tun samestir na farko, kar ka ce sai baɗi. Na san da yawanku da kunne kuka koya, kuna jin waƙa sau biyu ku fidda ta a jita, madalla, wannan baiwa ce kar ku yarda wani ya raina ta. Amma ranar da malam zai zana layi biyar a allo ya sa kile na sol ya ce do re mi fa sol la si, ko ya buga piyano ya ce rubuta abin da ka ji, kunne kaɗai ba ya fidda ka. Kuma akwai wani abu da ke kama mu musamman, yawancin kiɗanmu na gargajiya kan muryoyi biyar yake tafiya, kunnenmu ya saba da su, sai ka tarar notocin fa da si ɗin nan, inda tazara take rabin mataki, su ne ke zame maka a dikte, lokacin rubuta abin da ka ji. Maganinshi minti ashirin kullum da safe, kana rerawa kana nuna nota da yatsa, ya fi awa huɗu daren jarrabawa.

Kayan kiɗa kuma, ɗauki guda ka yi zurfi, sannan ka ƙara piyano ko klabiye kaɗan don shi ke buɗe maka yadda muryoyi ke haɗuwa. Kuma ni ina da ra'ayi a nan, masu jita da klabiye sun cika gari, amma saurayi ko budurwa da ya iya goge ko gurumi ko molo ko kalangu kuma ya iya rubuta abin da yake kaɗawa a takarda, waɗannan ana ƙirga su da yatsu. Ku tuna biram, garayar Buduma ta tafkin Cadi mai kama da kwalekwale, saura kaɗan ta ɓace ba don marigayi Malam Mamman Barka ya tahi can ya zauna ya koya ba, shi kuma ya rasu a 2018. In za ka rubuta memuwar, wato kundin bincike, a shekara ta uku, irin wanga abu ne ke ba ka abin faɗi da babu wanda ya riga ka. Sai dai ka yi lissafin inda za ka aje kayan, ɗakin site cike yake da mutane, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40, ga hunturu mai busar da fata, gogen da aka jingina kusa da taga fatarshi sai ta tsage, wuyan jita kuma ya lanƙwashe. Sassauta tsirkiya in za ka daɗe ba ka kaɗa ba, kuma ka nemi jaka.

UE libir kuwa kar ka bi abokai, kar kuma ka bi wadda aka ce malaminta na raba maki. Infomatik ta fi maka amfani tunda yau ɗaukar sauti da haɗa shi duk a kwamfuta ne, ko Ingilishi, ko duk abin da ya taɓa haƙƙin mallaka, don wata rana za ka je BNDA, ofishin haƙƙin mallaka, yin rajistar waƙarka gara ka san abin da kake sa ma hannu. Kafin ka rubuta sunanka, aza awoyinta kan anplwa di tan naka ka gani ko ba ta hau kan TP ba, sannan in kana zuwa koyon kiɗa a CFPM ƙetaren kogi ka sa lokacin hanya, gadar Kennedy da safe da kuma tashin ma'aikata ba a ƙetare ta da gaggawa, taksi ne ko kabu-kabu.

Maki a kan 20 ne, 10 ake nema a UE. In wata matiya ta ja ka ƙasa wata a cikin UE ɗin na iya ɗaga ka, in bai isa ba akwai zama na biyu, ratarafaj, kuma UE da ka ci ta zauna maka ba ka sake ta. Amma ƙa'idar wucewa aji na gaba da bashin kiredi, je ka karanta ta a takardar fakilte da kanka, kar ka ɗauka daga bakin fada. Sati na farko ka nemi delegen ajinku ya sa ka gurup, can ake sanar da canjin aji da ranar debuwar, kuma ka samu mutum biyu uku da za ku riƙa repetisiyon tare ranar da babu kur.

Ku 'yan mata, in baba na ɗari-ɗari da zancen kiɗa don yana ganin roƙo ne, ku kai mashi maket ɗin nan ya gani ko a karanta mashi, ya ji akwai tarihi da rubutu da difloma ta lisansi a ƙarshe, ku maza ma haka, ya fi dogon musu ta waya.