Yadda ake gasa donot ɗin ruwan tuffa irin na gonakin Amurka

Daga Satumba zuwa Oktoba, lokacin kakar tuffa a arewa maso gabashin Amurka, jihohi irin su New York da Vermont da Massachusetts, mutane kan fita gonaki su tsinko tuffa da hannunsu, kuma da wuya su dawo ba tare da jakar takarda cike da donot mai ɗumi, mai ƙamshin kirfa ba. Wani kamfani mai suna Doughnut Corporation of America ne ya tallata shi a kasuwa a 1951, sai gonakin suka riƙe shi ya zama nasu. Na gona soyawa ake yi. Wannan da zan koya miki na gashi ne a obin, ya fi sauƙi, kuma ba a asarar mai.

Uwargida, mu fara da abin saye, don nan wasu ke tuntuɓe tun kafin su shiga kicin. Abin da Amurkawa ke kira apple cider ruwan tuffa ne da aka matse ba a tace ba, mai duhu-duhu, babu barasa a ciki. Wanda aka rubuta wa hard cider giya ce, kuma a Ingila kalmar cider kaɗai ma giya take nufi, don haka ki karanta jikin kwalba. Sannan ba khal tuffa ba ne. Na ga wadda ta zuba khal, abin bai ciwu ba. Idan kina inda babu apple cider, ki sayi ruwan tuffa na kwali wanda ba a ƙara masa sukari ba. Kina iya markaɗa tuffa ki matse da kyalle mai tsabta, ya fi daɗi, amma da tsadar tuffa a kasuwanninmu na gida ni dai ba zan ba ki wannan shawarar ba sai in baƙi na musamman za ki yi wa.

Yanzu ga inda aikin yake gaba ɗaya: ƙafe ruwan tuffar. Masu koyo sukan tsallake wannan, su tuttula ruwan kai tsaye cikin fulawa, donot ya fito yana ƙamshin kirfa kawai, su ce ai yaudara ce, babu tuffa a ciki. Ruwan tuffa kusan duk ruwa ne, kuma kwaɓin ba ya ɗaukar fiye da rabin kofi. Dole ki tattara ɗanɗanon kofi 2 ya koma cikin rabin kofi.

Ki zuba kofi 2 a tukunya mai faɗin baki, ba mai zurfi ba, don faɗin ne ke sa tururi ya tashi da sauri. Kada ki rufe. Wuta matsakaiciya, yana ɗan tafasa a hankali, minti 20 zuwa 30, ya danganta da tukunyarki da wutarki. Kada ki dogara da agogo, kuma kada ki dogara da ido, don a tukunya mai faɗi kofi ɗaya ma kamar ya ƙare yake. Ki ajiye kofin awo mai jure zafi kusa, daga minti 15 ki riƙa juyewa kina aunawa, in bai kai ba ki mayar. Farkonsa jinkiri ne da shi, har ki gaji ki tafi wanke-wanke, amma a mintunan ƙarshe gudu yake yi, sukarinsa ya kama gindin tukunya ya ƙone, kuma in ya yi ɗaci babu gyara, sai sabo. Ki tsaya a kansa. Idan ya zarce ya koma ƙasa da rabin kofi amma bai ƙone ba, ki cike da ɗanyen ruwan tuffa. Daidai shi ne ya yi launin ruwan zuma, yana ɗan manne wa cokali.

Sai ki bar shi ya huce sarai. Mai zafi dafa ƙwan zai yi, ki ga gudaji a kwaɓi, kuma ya tayar da bekin sodar da ke cikin kwaɓin tun kafin a shiga obin. Ni dokata ita ce a ƙafe shi da daddare a sa a firij.

A roba ɗaya ki tankaɗe fulawa kofi 2, bekin foda cokalin shayi ɗaya da rabi, bekin soda rabin cokalin shayi, gishiri rabi, garin kirfa cokali ɗaya, gyaɗar ƙamshi kwata, kanumfari ɗan abin da yatsu biyu za su ɗiba. Kada hannunki ya yi nauyi a kanumfari, danne komai yake yi. A wata robar ki kaɗa ƙwai ɗaya, sukari mai ruwan ƙasa kashi uku cikin huɗu na kofi, narkakken bota cokali 3 manya, ruwan tuffarki, da rabin kofi na kindirmo marar sukari wanda aka ɗan sassauta da madara. Wasu madara zalla suke sawa. Kindirmo ya fi, tsaminsa na haɗuwa da soda ya sa abin ya yi laushi. Banila ban sa ta, ƙamshin tuffa take rufewa, kuma yawancin ta kwalba da barasa ake haɗa ta.

Ki juye mai ruwan cikin garin ki gauraya da cokali, ba da injin ba. Da zarar garin ya ɓace ki tsaya, ko da akwai 'yan ƙananan gudaji. Wannan ba fanke ba ne da ake bugawa. In kika buga shi tauri zai yi.

Farantin gashin donot kamar tandar waina yake, sai dai kowane gurbi na da tudu a tsakiya. Ki shafe shi da bota sosai har tudun. Ki zuba kwaɓin a leda mai ƙwari, ki yanke kusurwa, ki matsa a zagaye. Kada ki cika gurbi, kashi uku cikin huɗu ya isa, in ba haka ba ramin ya toshe. Wannan awon kan ba da kusan guda 12. Wadda ba ta da farantin ta yi amfani da gwangwanin kek ƙanana, ta ƙara minti biyar zuwa bakwai a gashi.

Obin ya riga ya yi zafi, digiri 175, wato 350 a ma'aunin Amurka. Minti 10 zuwa 12. Ki danna da yatsa, in ya dawo ya gasu. Ki bar shi minti biyu ki kife farantin. Tun yana da ɗumi ki shafa narkakken bota gaba da baya, ki birkiɗa shi cikin rabin kofin farin sukari da aka haɗa da cokali ɗaya na kirfa. In ya huce sukarin ba zai kama ba. A ranar ake cin sa, da shayi. Wanda kike so ki ajiye, kada ki sa masa bota da sukari sai za a ci, ki ɗan ɗumama shi tukuna, don na jiya da aka riga aka barbaɗa jiƙewa yake yi.