Darasi na 7: Shirya tsohuwar mota kafin doguwar tafiya

Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, ta Tasawa, Maradi, Madawa, Ƙonni, Dogondutsi da Doso. Zuwa Agadas ta Tanut kusan 450 ne. Manyan motocin nan masu tsayi da muke hawa, irin su Prado da RAV4 da Land Cruiser, yawancinsu sun sha aiki a Turai ko Amurka kafin su iso hannunmu. A cikin gari suna ɓoye ciwonsu, domin daga Birni zuwa Kasuwar Dole inji bai gama ɗumama ba an iso. Kan babbar hanya ne ciwon ke fitowa, bayan awa biyar ana gudu cikin rana.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka kai motar gareji saura mako ɗaya, kada ka bari sai jajibiri. Wani kayan gyaran babu shi a gari, sai an aiko da shi daga Kano ko Maradi. Kuma gyara shi kansa yana son gwaji: ƙusar da ba a ɗaure sosai ba, gara ta nuna kanta a ƙofar gida da ta nuna kanta bayan Takeita.

Karanta lambar tafiya

A allon da ke gaban direba akwai lambar da ke nuna nisan da mota ta yi tun da aka ƙera ta. Duba harafin da ke gefenta. In ka ga km, kilomita ne. In ka ga mi, mil ne, haka motocin Amurka suke zuwa. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Motar da ta nuna mil 150,000 ta yi kilomita 240,000 ke nan. Da yawa ba su san wannan ba, sai su yi ta jinkirta gyara suna zaton motar yarinya ce.

Sayi ƙaramin littafi ka ajiye shi cikin mota. Duk ranar da aka yi wani gyara, rubuta kwanan wata, da lambar tafiya, da abin da aka canza.

Baƙin mai

A ƙasarmu mai ƙura da zafi, kada juye, wato canza baƙin man inji, ya wuce kilomita 5,000. Zuwa Yamai da dawowa kusan 1,800 ne. In lissafinka ya nuna lokacin juye zai same ka a hanya, yi shi tun a gida, tare da sabuwar matatar mai.

Ga yadda ake duba mai. Ajiye mota a wuri mai daidai, kashe inji, jira minti goma. Zaro sandar awo, goge ta da tsumma, mayar da ita har ƙarshe, sake zaro ta. Akwai alamu biyu a bakinta, mai ya tsaya tsakaninsu. Shafa ɗan kaɗan a yatsa. Baƙi ba laifi ba ne, musamman a motar gazuwal. Amma in ya yi kalar shayi da madara, ruwa ya shiga cikinsa, kuma wannan motar ba ta tafiya ko'ina sai bakanike ya buɗe ta. Tsohon inji yakan sha mai, don haka ka riƙe lita ɗaya ko biyu irin wanda aka zuba.

Matatar iska kuwa, hunturu ɗaya ya isa ya cika ta. Ciro ta ka ɗaga wa rana. In haske ba ya ratsa ta, hurawa ba za ta yi ba, canza ta.

Zafi

Nan ne za mu daɗe, domin abin da ya fi ajiye tsohuwar mota a daji shi ne zafi. A watan Afrilu da Mayu zafin garinmu yana haura digiri 40, kwalta kuma ta fi haka. Ƙarfen inji yana jurewa shekara da shekaru. Roba ce ke fara gajiya, wato tiyo da bel da taya.

Da safe, inji na sanyi, matsa kowane tiyo na lagireto da hannu. Mai lafiya yana lotsawa ya dawo. Wanda ya yi tauri kamar busasshiyar fata, ko ya kumbura kusa da maɗaurinsa, ko ka ga farin gari ya bushe a bakinsa, kwanansa ya ƙare. Duba robar da ke cikin murfin lagireto, in ta tsage sayi sabon murfi, ba shi da tsada. Tayar da inji, kunna na'urar sanyi, ka tabbata fanka tana juyawa. A wanke ƙura da ciyawa da ƙwarin da suka toshe fuskar lagireto.

Ruwan rijiya da na famfo suna barin ƙanzo da tsatsa cikin lagireto, a hankali su toshe hanyoyinsa. Ruwan sanyaya inji mai launi, kore ko ja, shi aka yi domin wannan aiki. Ruwan gida na ranar larura ne kawai.

Akwai bel iri biyu. Na waje kana ganinsa da ido, in ya tsattsage ko yana kuka da safe, a canza, tsohon kuma a jefa bayan mota don ɓacin rana. Na ciki yana ɓoye bayan murfi, shi ke daidaita bugun inji. A motoci da yawa ana canza shi wajen kowace kilomita 100,000. In ya tsinke ana gudu, a wasu injuna ɓarnar takan kai ga sauke inji gaba ɗaya. Wasu motocin sarƙa gare su a wurinsa, su ba su da wannan damuwa sosai. To tambayi bakanikenka:

"Malam, tawa bel ce ko sarƙa?"

"Bel ce, Alhaji. Yaushe aka canza shi?"

"Wallahi haka na saye ta."

"To, mu ɗauka ba a taɓa canzawa ba."

Wannan bakanike ya faɗi gaskiya, ko da kuwa aljihu bai so ba.

In kana tafiya allurar zafi ta nufi ja, kashe na'urar sanyi, sauka gefen hanya, kashe inji. Ɗaga murfin gaba ka jira aƙalla rabin awa. Kada ka buɗe murfin lagireto da zafinsa, ruwan yana fitowa da ƙarfi ya ƙone fuska da hannu. Kada kuma ka kwara wa inji ruwan sanyi, ƙarfe yana iya tsagewa.

Taya tana da ranar haihuwa

A gefen kowace taya akwai rubutu da ya fara da DOT. Lambobi huɗu na ƙarshe su ne muke nema. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta haura shekara shida abar tsoro ce a kan kwalta mai zafi, ko da zanenta yana nan da kyau. Tayoyin hannu da ake kawowa, mai sayarwa zai wanke su ya shafa musu baƙi har su yi ƙyalli, amma lambar nan ba ta wankuwa. Durƙusa ka karanta kafin ka biya. Duba kuma tsaga da kumburi a gefe.

Yawan iskar da ta dace yana rubuce a wata takarda da ke manne a jikin ƙofar direba, misali 2.2 ko 32, ma'auni ne iri biyu na abu ɗaya. A auna da safe kafin taya ta yi zafi. Ka sa mai faci ya auna da agogonsa, bugun taya da ƙarfe ba awo ba ne. Taya mai ƙarancin iska ita ke yin zafi ta fashe.

Safaya ma taya ce. A wasu motocin tana rataye a ƙarƙashi da sarƙa, shekaru ba a taɓa ta ba. Sauke ta yau, ka ga ko sarƙar tana sakuwa, ko akwai iska. Gwada jak, gwada sifanar taya a kan kowace ƙusa.

Birki da sauransu

Birki mai ƙara, ko mai jan mota gefe ɗaya, ko wanda ƙafa ke nutsewa cikinsa, aikin bakanike ne, a cire taya a duba. Man birki yana jan ruwa daga iska, shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu. Zafi yana cin batir da wuri, a auna shi, a kankare farin garin da ke kan kawunansa. Sa yaro ya tsaya baya ka gwada masa fitilu ɗaya bayan ɗaya. Ka kwana da kwali a ƙarƙashin mota, da safe ɗigon da ka gani zai gaya maka inda take yoyo.

Cika tanki a gidan mai. Man ƴan ruwa-ruwa na kwalba yana fitar da mutum kunya a inda babu gidan mai, amma a tace shi da kyalle mai tsabta kafin ya shiga tanki. Riƙe jarkar ruwa, tocila, igiyar ja, fis, da takardun mota da na inshora waɗanda kwanansu bai ƙare ba, jandarmomi za su tambaya. Kaya masu nauyi a sa su ƙasa cikin mota. Doguwar mota da aka ɗora wa buhunan hatsi a ka tana saurin kifewa a kwana. Ka tashi bayan sallar asuba don ka rage tafiyar dare, lokacin da raƙuma da jakuna da amalanke marasa fitila ke kan hanya. In arewa ko gabas ka nufa, tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki a wannan makon.

Aikin gida

1. An yi juye mota tana kan kilomita 212,000. Yau tana kan 215,600. Za a je Yamai a dawo. A yi juye kafin a tashi, ko a bari? Nuna lissafinka.

2. Taya tana ɗauke da lamba 0817. A wane mako aka yi ta, a wace shekara? Shekarunta nawa bana?

3. Je wurin wata mota a unguwarku, da izinin mai ita, ka kwafo lambobin tayoyinta biyar a littafinka, ka kawo aji mako mai zuwa.