Kurakuran da muke tafkawa wajen jan kebul ɗin Etanet a masana'anta

Kwanaki aka kira ni wani kamfanin shinkafa a Sharaɗa, wai injin ɗure buhu yana tsayawa haka kawai, har sun canza PLC (kwamfutar da ke sarrafa injin) sun kashe kuɗi. Da na ɗauki tef na bi kebul ɗin Etanet, wato wayar netwok da ta haɗa ofis da injin, sai ga shi ya haura mita 130. Oga yana ta rantsuwa ai daga ofis zuwa wajen injin bai kai 80 ba, toh gaskiyarsa in da ƙafa ne, amma kebul ya hau bango ya bi rufi ya zagaye ginshiƙi ya sauko, duk wannan yana cikin lissafi.

Iyakar kebul ɗin Etanet na tagulla irin Cat5e da Cat6 mita 100 ce, kuma 90 ne na jan hanya, sauran 10 na gajerun wayoyin da ake jonawa a bakin biyu. Mu nan ma bai kamata mu cika 90 ɗin ba, don zafi yana rage ƙarfin sigina, ka tuna yadda ƙarƙashin kwano yake a watan Afrilu. In hanya ta yi tsawo ka dasa suwic (na'urar da ke karɓar saƙo ta miƙa wa mai shi) a tsakiya. Sannan in za ka sayi kebul ka kankare waya ɗaya da wuƙa, in ciki ya fito fari to alminiyon ne aka shafa wa tagulla, ka ajiye musu abinsu.

Abin da ya fi damuna shi ne mutane sun ɗauka maganar nisa ce kawai, alhali har da lokaci. Sigina yana cin kamar nanosakan 5 a kowace mita. A layin da ake magana bi da bi, irin na tsohon hob (na'urar da ke watsa saƙo ga kowa a layi ɗaya), dole mai turawa ya ji labarin karo, wato saƙonsa ya ci karo da na wani, kafin ya gama fitar da bit 512 na farko, a gudun mega 10 (megabit 10 a sakan) wannan mikrosakan 51.2 ne, a mega 100 kuwa 5.12 kacal, shi ya sa duk faɗin layin hob a mega 100 bai wuce wajen mita 205 ba. In ka wuce nan karon zai zo a makare, saƙo ya salwanta, fitila kuma tana nan koriya kamar komai lafiya. Duk inda ka ga hob a cikin fanel cire shi ka sa suwic. Irin wannan ciwon kuma yana zuwa in ka ƙulle gefe ɗaya a ful dufles (turawa da karɓa a lokaci guda) ka bar ɗayan a oto (ya saita kansa), na oton sai ya koma bi da bi. Ko dai duka oto ko duka ka saita da hannu.

Amma fa suwic ɗin ma ba kyauta yake aiki ba. Yawancinsu sai sun karɓi saƙo duka kafin su miƙa gaba, babban saƙo mai bait 1518 yana cin kusan mikrosakan 120 a mega 100. Ka jera guda goma kamar layin Adaidaita a Ƙofar Wambai ka wuce milisakan ɗaya kenan, kuma a kan layin ne wani ya ɗora kyamarorin tsaro, ga PROFINET, tsarin da PLC ke magana da inji ta kansa, yana jiran amsa a kan lokaci, in bai samu ba ya tsayar da inji. Don Allah a raba layin kyamara da na inji, kowane sashe kuma ya ja nasa kai tsaye daga babban suwic.

Tsakanin gini da gini kuwa kar ma ka fara da tagulla ko da mita 40 ce, tsawar damina ɗaya ta isa ta ƙone maka bakin suwic biyu. Fayiba za ka sa, wato kebul mai ɗaukar saƙo da haske, kuma iri biyu ce. Moltimod yana kai kilomita 2 a mega 100, amma ranar da aka ɗaga zuwa giga (mega 1000) sai ya dawo mita 550 ko ƙasa da haka, singilmod shi ne mai kai kilomita 5 zuwa sama. Kafin ka biya kuɗi ka duba rubutun jikin fayibar da na SFP ɗin (ƙaramar na'urar da ake jona fayiba da suwic) duka bakin biyu ka tabbatar iri ɗaya ne.