Yadda Ake Gane Ciwon Keratokonus Kafin Ya Yi Nisa

A gaban baƙin ido akwai wani tantani garai-garai mai kama da gilashin agogo, kaurinsa bai wuce rabin milimita da 'yan kai ba. A ciwon keratokonus wannan tantani ne ke sirancewa, ya turo gaba ya yi tsini kamar mazurari. Yakan fara ne daga balaga, ya yi ta ƙaruwa har shekara 30 zuwa 40. Yana kama ido biyu, amma ɗaya kan riga ɗaya lalacewa, shi ya sa ake daɗewa ba a farga ba: mai sauƙin yana rufa wa ɗan'uwansa asiri.

Matakin farko a gida ake yinsa. Ku tsayar da yaro taku shida daga kalanda, ya rufe ido ɗaya da tafin hannu, ba tare da dannawa ba, ya karanta, sannan ya sauya. Ku tambaye shi da dare yadda yake ganin fitilar mota. Idan ya ce tana da jela ko ta rabu biyu, ku riƙe wannan. Sai ku huda kwali da allura ya leƙa ta hudar. Idan rubutun ya washe, matsalar ta yadda haske ke shiga ido ce. Wannan bai tabbatar da ciwon ba, amma ya isa dalilin zuwa asibiti.

Na biyu, a daina murza ido. Murza na cikin manyan abubuwan da ke ƙara ɓarnar. Yaran da ke fama da ƙaiƙayin ido, wanda zafi da ƙurar hunturu ke tayarwa, kan murza da bayan yatsu da ƙarfi, murzar kuma tana raunana tantanin. Faɗa ba ya hana yaro sosa inda ke masa ƙaiƙayi, sai an kashe ƙaiƙayin. A jiƙa tsabtataccen ƙyalle da ruwan sanyi a ɗora kan rufaffen ido na minti 5 zuwa 10, likita kuma ya rubuta maganin ɗigawa irin su olopatadine. Kada ku sayi mai sitiroyid, wato sinadarin kwantar da kumburi, a kemis da kanku. Yana kwantar da ƙaiƙayi nan take, amma daɗewa a kansa na jawo hawan jinin ido da yanar ido.

Na uku, asibitin ido. Ku faɗa wa likita idan ana yawan sauya tabarau, ko akwai mai ciwon a dangi. Ku nemi a ɗauki taswirar tantanin da na'ura, a auna kaurinsa, a maimaita bayan wata 3 zuwa 6 don a ga ko yana ƙaruwa.

Idan yana ƙaruwa, akwai aikin ƙarfafa tantanin da likitocin Dresden a Jamus suka bayyana a 2003: a ɗiga bitamin B2 a ido, a haska wani haske na musamman na minti 30. Aikin tsayar da ciwon yake yi, ba ya dawo da abin da ya tafi, kuma a tsarinsa na asali sai kaurin ya kai maikiron 400, wato milimita 0.4. Wanda ya yi jinkiri har ya sirance ƙasa da haka, zaɓinsa ya ragu.

Gyaran gani kuwa da tabarau ake farawa, in ya gaza a koma gilashi mai tauri da ake ɗorawa kan ido, dashen tantani shi ne na ƙarshe. In baƙin ido ya yi fari fat farat ɗaya, da zafi da hawaye, ruwa ne ya shiga tantanin, a kai shi asibiti a ranar.