Yadda Ake Tattara Tarihin Mahaifi Tsohon Soja Mai Gyaran Wuta Bayan Rasuwarsa

A Garwa da Marwa da Ngaundare, a arewacin Kamaru, akwai dattawa da dama waɗanda suka yi ƙuruciyarsu a aikin soja, da suka ajiye kaki kuma suka kama sana'ar gyaran wutar lantarki suka ciyar da iyali da ita har ƙarshen rayuwarsu. Idan irin wannan dattijo ya rasu, Allah ya jiƙansa, jama'a kan cika ƙofar gida kwana uku ana faɗin alherinsa, amma da an watse sai labarin ya tafi da masu ba da shi, jikoki su taso ba su san komai ba sai hoto guda na sanye da kaki. Wanda yake son ya rubuta tarihin mahaifinsa ya fara tun a zaman makoki, domin a nan ne abokan aikin marigayin suke haɗuwa wuri ɗaya, kuma da wuya su sake haɗuwa haka.

Kafin a taɓa alƙalami, a sauke masa nauyin mutane. Mai gyaran wuta ba ya rasa kayan jama'a a hannunsa: fankar wani da aka kawo gyara, janaretan maƙwabci, ko kuɗin waya da soket da aka ba shi bai kai ga sayowa ba. A sanar a wurin ta'aziyya cewa duk mai bin sa bashi ko mai ajiya ya zo, tun da a Musulunci biyan bashi yana gaban rabon gado. Wannan sanarwa tana da wani amfani kuma, domin waɗanda za su zo su ne abokan cinikinsa, kuma a bakinsu ake jin irin mu'amalarsa.

Daga nan sai takardu. Aikin soja yana barin shaida a rubuce: littafin aikinsa mai ɗauke da lambarsa ta soja, takardun ƙarin girma da na canjin wurin aiki, takardar ritaya, takardun fansho, da katin ofishin tsoffin sojoji na ONACAM idan ya yi rajista. A ɗauki hoton kowace takarda da waya, gaba da baya, a mayar da asalinta cikin jaka mai hana ruwa, saboda iyalinsa za su buƙace ta wajen neman haƙƙinsu na fansho. Takardun da Faransanci suke, don haka a samu wanda ya iya ya fassara muƙamai da sunayen rundunoni daidai, kada a yi hasashe. Da waɗannan ake jera shekarun rayuwarsa, a kuma gwada su da tarihin ƙasa. Wanda ya yi aiki a shekarun 1990 mai yiwuwa an tura shi Bakassi, yankin da Kotun Duniya ta yanke wa Kamaru a 2002 aka kammala miƙa shi a 2008, wanda kuma ya kai 2014 yana cikin kaki ƙila ya ga yaƙi da Boko Haram a wajejen Kolofata da Fotokol.

Tsoffin abokan aikinsa a je musu gida, a gaishe su da Baba ko Baffa, a nemi izini kafin a kunna rikoda ta waya, a bar kowa ya yi magana da harshen da ya fi masa sauƙi, Hausa ko Fulatanci ko Faransanci. Tambaya ƙarama ta fi buɗe baki: “Baba, a wane bariki kuka fara haɗuwa?” ta fi “Ba ni labarinsa.” Akwai kuma wuraren da dattijo zai yi shiru, musamman idan magana ta kai ga yunƙurin juyin mulki na 6 ga Afrilu 1984 a Yawunde, wanda ya taɓa gidajen sojojin arewa da yawa. Idan ya yi shiru a ƙyale shi, ba kowane abu ne aka tilas a rubuta ba.

Ɓangaren sana'a, a ganina, shi ya fi saurin ɓacewa, domin aikin mai wuta a cikin bango yake binne, ba ya ɗauke da sunan kowa. A nemi yaran da ya koya wa aiki, a zauna da su tare da akwatin kayansa a buɗe. Filayar da tef ya naɗe hannunta, sukudireba mai gwada wuta, mitar awo, da ɗan littafin da yake rubuta tsawon waya da farashinta da sefa, kowanne zai tuno wa yaron wani aiki. A tambaye su gidaje da masallatai da makarantun da ya ja wa wuta, a je a ɗauki hotonsu, a rubuta sunan unguwa da shekara. A tambaya kuma ko a soja ya koyi sana'ar ko a makarantar koyon sana'a ya samu takardar shaidar ƙwarewar sana'a ta CAP, da ko ya taɓa aiki da kamfanin wuta tun yana SONEL, kafin ya zama AES-SONEL a 2001 sannan ENEO a 2014. Dattawan Garwa suna tuna yadda aikin wuta ya bunƙasa bayan an kammala madatsar Lagdo a kan kogin Binuwai a 1982, kuma wannan shekarar kan taimaka wajen tantance lokacin da ya fara.

Labarin cikin gida yana hannun mata. Matarsa tana takaba wata huɗu da kwana goma, saboda haka 'ya'yanta ko wata 'yar uwa su ne za su zauna da ita, ba tare da gaggawa ba. Goggo kuwa ita ta san asalin gidan da sunayen kakanni.

Wajen rubutu a taƙaita yabo a yawaita abin da ya faru, tare da suna da wuri da shekara. Idan bakin mutum biyu ya saɓa, a bi takarda. Idan babu takarda, a rubuta duka biyun da sunan wanda ya faɗa. A karanta wa manyan gida kafin a buga, a cire abin da ba su yarda ya fita ba, a rufe lambar soja da ta fansho a duk hoton da za a tura ta WhatsApp, sannan a buga kwafi a takarda a ba kowane ɗaki nasa.